Daskararriyar Toka a Bututun Bindigar Gargajiya: Mafarinta, Fitar da Ita da Haɗarin Sakaci da Ita a Arewacin Zamfara

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan sana'o'in gargajiya da lafiyar al'umma

Tsakure

Wannan takarda ta dubi baƙar dauɗar da ke daskarewa a cikin bututun bindigar toka, irin wadda maharba da 'yan sa-kai da 'yan bindigar fada ke riƙewa a ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Ta nuna cewa mafi yawan wannan dauɗa gishiri ne mai jawo laima, cewa ruwa ke narkar da shi, mai kuwa lulluɓe shi kawai yake yi, kuma cewa tsatsar da ke cin ƙarfe a ƙarƙashinsa tana cikin manyan abubuwan da ke fasa bindiga a hannun mai ita. Ta kuma yi kira da a dawo da maƙeri cikin lamarin a fili, ƙarƙashin ƙofar da doka ta riga ta bari.

1.0 Gabatarwa



Da zarar an haɗa bindiga da Zamfara a magana ɗaya, hankalin kowa kan tafi ga manyan makaman da ke hannun ɓarayin daji. Ba laifi, domin su suka hana mu noma, suka hana mu barci. Amma akwai wata bindigar da ba a cika kawo ta zauren taro ba, ga ta kuwa rataye a ɗakin talaka, ko jingine bayan ƙyaure: adaka, wadda wasu ke ce wa bindigar toka, wasu harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura ta, harbi ɗaya take yi a sake ɗuri. Da ita maharbi ke nema wa iyalinsa nama, da ita ake korar birai da gwanki daga gona, da ita ake raka sarki hawan salla, kuma a 'yan shekarun nan da ita magidanci ke kwana a bakin gari yana tsaron 'ya'yansa.

Wannan bindiga tana da wata illa da ba ta bukatar abokin gaba: takan fashe a hannun mai harbi. Likitocin fiɗa a Nijeriya sun sha rubutu a kan raunukan hannu da na ido da irin wannan fashewa ke jawowa, kuma duk wanda ya zauna da maharba ya san akwai masu guntayen yatsu a cikinsu. Idan abin ya faru sai a ce tsautsayi ne, ko a ce an yi wa mutum sammu, ko naman da ya auna ne ya fi ƙarfinsa. Na yarda tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma yana da sanadi, kuma sanadin nan sau da yawa yana kwance cikin bututun tun watanni kafin ranar.

Takardar ta tsaya ne ga bindigar da ake ɗurawa ta baki da kuma lafiyar mai riƙe da ita. Ba ta shiga batun ƙira ko haɗa albarushi ba, ba ta kuma shafi makaman yaƙi ba.

2.0 Yadda adaka ta zauna a wannan yanki

Ƙasar nan ta san yaƙi tun kafin ta san bindiga sosai. Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, jarumi ne daga Alibawan Zurmi, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808. Yaƙe-yaƙen wannan zamani na baka da mashi da takobi da doki ne. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta fara yin tasiri, lokacin da sarakuna suka riƙa kafa rundunonin 'yan bindiga, yawanci daga bayin sarki. Ko a lokacin ma ba ta kai ta ja da ta Turawa ba, kamar yadda aka gani a Kwatarkwashi a watan Fabrairun 1903, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu.

Abin da ya tsayar da mu a kan adaka yana da tushe a siyasar duniya. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wato a daidai lokacin da Turai ta koma ga albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya samar a 1884, sai aka bar mana tsohon. Saheed Aderinto, a nazarinsa na 2018 kan bindiga da al'umma a Nijeriyar mulkin mallaka, ya nuna yadda adaka ta yaɗu a hannun talakawa a wannan zamani fiye da duk wanda ya gabace shi, da yadda maƙeran gida suka karɓi gyaranta da ƙirarta. Zuwan jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929 ya buɗe yankin ga kayan kanti da tarkacen ƙarfe, maƙera suka samu abin aiki da bai biyo ta hannun masu narka tama ba. Daga nan zuwa yau, bututun adaka yakan fito daga duk ƙarfen da ya samu mai rami a tsakiya: wani mai kauri daga jikin tsohuwar mota, wani kuwa fayif ɗin ruwa ne mai ɗinki a gefe, wanda ba a yi shi don ya ɗauki wuta ba. Wannan bambanci zai dawo mana a gaba.

3.0 Abin da ke taruwa a cikin bututu

Albarushin gargajiya abu uku ne: gawayi, farar wuta, da wani gishiri mai ciyar da wuta da masana ke kira fotasiyam naitiret. Idan ya kama, ba duka yake zama iska ba. Andrew Noble da Frederick Abel, a binciken da suka buga a Ingila a 1875, sun ƙona shi cikin rufaffen ƙarfe suka auna abin da ya rage, suka tarar kimanin kashi 56 cikin 100 na nauyinsa daskararren abu ne. Wani sashe yakan fita a matsayin farin hayaƙin nan da ke turnuƙe filin hawa, saura kuwa ya manne a bangon bututu. Albarushin da aka yi a gida, wanda ba a tace shi ba, bai kuma daku sosai ba, ya fi haka barin dauɗa.

Baƙin da ido ke gani shi ke ruɗar mutane. Ana ɗauka baƙin tukunya ne, gawayi zalla, alhali gawayin da bai ƙone ba ɗan kaɗan ne a ciki, shi dai ya rina sauran. Mafi yawan dauɗar gishirin fotasiyam ne iri-iri, kuma babba daga cikinsu shi ne wanda matanmu ke tatsa daga toka idan za su yi ruwan toka na miya ko na sabulu. Duk macen da ta taɓa tatar toka ta san abu biyu: ruwa na narkar da wannan gishiri nan take, kuma idan aka bar shi a buɗe yakan jiƙe da kansa. Haka yake yi a cikin bindiga. Yana zuƙo laimar iska ya riƙe ta a jikin ƙarfe, ga kuma ragowar farar wuta da ke gauraye da shi, wadda idan ta samu laima da iska takan rikiɗe ta koma abin da ke cin ƙarfe. Kwana ɗaya ya isa jan tsatsa ya fito idan damina ce.

Akwai gishiri na biyu, ya fi na farko ɓarna, yana fitowa daga abin da ke tayar da wutar. Hular tartsatsi ta tsohon yayi, da kan ashana da wasu ke maye gurbinta da shi, dukansu suna barin gishirin da ɗan'uwan gishirin miya ne, a daidai ƙofar wuta da gindin bututu, wurin da hannu ba ya kaiwa. Sojojin Amurka sun sha wahalar wannan a Yaƙin Duniya na Ɗaya: a goge bindiga tas, a shafe ta da mai, bayan 'yan kwanaki a tarar ta yi tsatsa a ƙarƙashin man. Sai a 1922 Wilbert Huff, na hukumar ma'adinai ta ƙasar, ya bayyana dalili. Mai ba ya narkar da gishiri. Yana rufe shi ne, laima kuma ta ratsa ta same shi, ɓarna ta ci gaba a ɓoye. Maganin da ya nuna shi ne ruwa.

Na daɗe a kan wannan ne domin al'adar da ta fi yawa a wurinmu ita ce akasin haka. Maharbi ya dawo daga daji a gajiye, ya tsiyaya baƙin mai ko man gyaɗa a bakin bindiga, ya rataye. A ganinsa ya kyautata mata, kuma tsoronsa na ruwa yana da hujja, tunda ya san ruwa ke kawo tsatsa. Abin da ke biyo baya shi ne man ya haɗu da toka su yi kwaɓi, harbi na gaba ya gasa kwaɓin, a sake zuba mai, a sake gasawa. Bayan shekara ɗaya ko biyu an samu ɓawo mai tauri, hawa-hawa, mafi kaurinsa a gindi inda albarushi ke zama. Baƙin mai ya fi muni, domin ya riga ya ɗebo tsami da garin ƙarfe daga injin da ya fito. Man gyaɗa kuma yakan yi danƙo idan ya tsufa, ƙurar hunturu ta manne masa.

Wani abu kuma ya canza a yankin, wanda nake ganin ba a lura da shi ba. A da bindiga tana da lokacinta. Farauta ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona. Da ruwa ya sauka sai a sauke ɗuri, a gyara, a ajiye, a ɗauki fartanya. Yanzu a ƙauyukan da ke bakin dajin Dumburum ko na Sububu, da garuruwan fadamar Gagare da Bunsuru, bindiga ba ta hutu. Tana kwana a ɗure tun Yuni har Satumba, watannin da iska ta fi ɗaukar laima, ana fita da ita sintiri cikin raɓa da yayyafi. Mai ita ba zai yarda ya sauke ɗurin ba, domin bai san daren da za a zo ba, albarushi kuma da tsada. Ɗurin da ya yi watanni a kan tsohuwar toka yana cin gindin bututu a hankali, daidai wurin da ya fi ko'ina ɗaukar ƙarfin wuta, daidai kuma inda fuska da hannun hagu suke.

4.0 Daga toka zuwa fashewa

Hanya ta farko ita ce wadda aka ambata, tsatsa ta rarake ƙarfe daga ciki. Daga waje bututu yana sheƙi, an naɗe shi da fata da layu, ciki kuwa ramuka ne. Idan fayif ne mai ɗinki, tsatsar takan bi layin ɗinkin, ranar da zai buɗe kuma a tsaye yake tsagewa.

Ta biyu ta fi saurin aukuwa. Toka tana rage faɗin rami, ɗuri ya riƙa yin tauri, har wata rana harsashi ya maƙale a tsakiya bai kai kan albarushi ba. Mutum ya daka da sandar ɗuri ya gaji, sai ya ce bari in harba ya fita. Wannan fili da ya rage tsakanin albarushi da harsashi shi ne halaka: wutar takan taho da gudu ta ci karo da abin da ya toshe hanya, ƙarfinta ya taru wuri ɗaya, bututu ya kumbura ko ya tarwatse. Matsalar tauri wajen ɗuri tsohuwa ce a duniya. Ita ce ta sa Bafaranshe Claude Minié ya fito da harsashinsa a 1849, wanda ke shiga sako-sako ko da bututu ya yi dauɗa, sai wuta ta buɗa shi.

Ta uku ita ce ɗuri a kan ɗuri. Toka ta toshe ƙofar wuta, an ja kunama bindiga ta yi shiru, cikin ruɗani mutum bai tabbatar ko ta tashi ba, sai ya ƙara wani ɗurin. Kada a ɗauka ƙauyanci ne. Bayan yaƙin Gettysburg a Amurka a 1863 an tsinci bindigogi sama da 27,000 a fagen fama, kimanin 24,000 a ɗure, aƙalla rabin waɗannan kuma da ɗuri fiye da ɗaya a ciki. Horarrun sojoji ke nan. Ina ga manomin da aka tasa da tsakar dare?

Sai kuma garwashin da kan ɓuya cikin ɓawon toka bayan harbi. Mai gaggawa ya tuttula sabon albarushi kai tsaye daga ƙaho ko gora, wuta ta kama ta biyo har hannunsa. 'Yan bindigar fada sun fi kowa fuskantar wannan, domin a hawan salla harbi ake yi a jere, da albarushi mai yawa don a ji ƙara, ba a samun sararin goge bututu, ga jama'a ta ko'ina.

Dole in ƙara gargaɗi ɗaya ko da ya ɗan fita daga batun toka. Tunda harsasan zamani suka yawaita a yankin, akwai masu ganin garin da ke cikinsu ya fi tsabta, ba ya barin dauɗa, don haka zai fi kyau a adaka. Ƙarfin wannan gari ya wuce abin da bututun adaka zai iya ɗauka nesa ba kusa ba. Wanda ya zuba shi ya ɗura wa kansa ne.

5.0 Fitar da daskararriyar toka

Aiki na farko ba wanki ba ne, tabbatarwa ne cewa babu ɗuri a ciki. A cire hula ko ƙanƙara, a kawar da bakin daga mutane, a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi mata alama daidai bakin bututu. A zaro ta a shimfiɗa a waje, alamar tana daidai baki. Idan ƙarshenta ya kai ƙofar wuta, bututu fanko ne. Idan ya gaza da yatsa biyu ko uku, akwai abu a ciki, ko da mai bindigar ya rantse ya harbe ta. A irin wannan hali a cika ta da ruwa a bari albarushin ya jiƙe sarai kafin a nemi jawo abin da ke ciki, wannan kuma aikin maƙeri ne.

Wankin kansa ba ya bukatar abin da babu a gidan talaka. A raba bututu da itacen idan yana rabuwa. A tsoma gindinsa cikin bokitin ruwan zafi mai ɗan sabulu, a naɗa tsumman auduga a kan sanda yadda zai cika ramin, a riƙa turawa ana jawowa. Tsumman zai zuƙo ruwa ta ƙofar wuta ya cika bututun, idan an tura kuma ya feso shi waje. Ruwan farko baƙi ƙirin yake fita, da warin ruɓaɓɓen ƙwai mai hawa kai, warin farar wuta ke nan, shi ya sa ake yin aikin a fili. A zubar a sake sabo. Na biyu yakan fito toka-toka da ɓarɓashi yana kwantawa a ƙasan bokiti, tsumman kuma za a ji ya daina cijewa a wuraren da ya saba. Ana ci gaba har ruwa ya fito yadda ya shiga. Sai a ɗauraye da tafasasshe, domin zafinsa ya shiga ƙarfen ya taimaka masa bushewa, a bi da busassun tsummoki har na ƙarshe ya fito fari, a jingine bakin yana kallon ƙasa. A nan ne mai yake da amfani, bayan gishiri ya fita, ƙarfe ya bushe: ɗan kaɗan a tsumma, man keken ɗinki ya wadatar. Washegari a sake zura farin tsumma, haka ma bayan kwana uku, domin gishirin da ya ɓuya a ramukan tsatsa yakan fito daga baya. Tsumma ya fito da ja, a sake wanki.

Ɓawon da ya shekara ba ya fita a zama ɗaya. Tunda mai ne ya ɗaure shi, ruwa ba zai ratsa shi da farko ba. A toshe ƙofar wuta da ɗan tsinke, a cika bututun da kananzir ya kwana ya sassauta danƙon, a zubar, sannan a koma ga ruwan zafi da sabulu. A kankare da burushi ko ɗan makankari na tagulla, saboda tagulla ta fi ƙarfen bututu taushi, za ta ɗebe toka da dalmar da ta shafu a bango ba tare da ta ci jikinsa ba. Gindi ne ya fi bukatar haƙuri. A jiƙa, a kankare, a wanke, a sake jiƙawa, ko da zai ɗauki kwana uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gajerun hanyoyin da ake bi don guje wa wannan haƙuri su ne ke ƙarasa bindiga. Akwai mai sa bututu a wutar maƙera ya zuga har ya yi ja don tokar ta ƙone. Idan da ragowar ɗuri, maƙerar ce za ta tashi; idan babu, zafin zai sauya taurin ƙarfen, ya kuma sassauta likin da ya riƙe toshiyar gindi, wadda ita ce ke tsakanin wuta da idon mai harbi. Fayif mai farin shafi kuwa hayaƙinsa ma cuta ne ga mai zuga. Akwai mai zuba ruwan batir, wanda ba ya bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe. Akwai mai cusa yashi ko magagari, ya fito da rami mai ƙyalli da bango siriri. Fetur kuma bai kamata ya kusanci wurin da ake ajiye albarushi ba.

Masu bindigar zamani ta farauta mai lasisi, wadda ake karyawa a sa harsashi, tasu dauɗar daban ce: gawayi ne na gaske da ɗan roba da dalma, ba ta da yawa, kuma man wanke bindiga da burushin tagulla sun ishe ta.

Ruwan wankin adaka kada a zubar da shi a tsakar gida. Yana ɗauke da garin dalma, mu kuwa a Zamfara ba ma bukatar a yi mana bayanin dalma, bayan yara sama da 400 da gubarta ta kashe a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010. A haƙa rami nesa da rijiya da wurin wasan yara a zuba, a binne tsummokin, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Bokitin ma kada ya koma madafa.

Wanki yana fitar da toka, amma ba ya mayar da ƙarfen da tsatsa ta cinye. Hasali ma amfaninsa mafi girma shi ne ya tone abin da ɓawon ya rufe. Bayan an gama, a haska tocila ta baki a duba. A shafa bututun daga waje tun daga gindi har baki, yatsa zai ji kumburin da ido bai gani ba. A lura ko tsumma yana sakin jiki a wani wuri sannan ya sake kamawa, alamar ramin ya buɗe a nan. Bututun da ke da kumburi, ko tsaga komai ƙanƙantarta, ko ramuka masu zurfi a gindi, ko toshiyar da ke motsi, ya gama aiki. Ɗaure shi da waya ko like shi da walda ba gyara ba ne.

6.0 Maƙeri, doka da hukuma

Wa zai yanke wannan hukunci? Mai bindiga ba zai yanke wa kansa ba, domin ita kaɗai gare shi. A tsarinmu na gado maƙeri ne ke yankewa, Sarkin Maƙera yana sama da shi, Sarkin Baka kuma yana tsawata wa maharba. Yau maƙerin da aka gani da bututun bindiga a maƙerarsa yana cikin haɗari ta fuska biyu: jami'an tsaro su ɗauke shi a matsayin mai yi wa ɓarayi ƙira, ɓarayin kuma su ɗauke shi a matsayin mai yi wa 'yan sa-kai. Saboda haka nagartattun sun janye hannu, aikin ya koma ɓoye, hannun waɗanda ba su gaji sana'ar ba kuma ba sa jin kunyar sayar da fayif. Ban ce babu maƙeran da suka ci amanar sana'a ba. Akwai, kuma hukunta su wajibi ne. Amma korar kowa da kowa ba ta rage yawan adaka a ƙauye ba, ingancinta kawai ta rage.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ba ta yi wa bindigogi kuɗin goro ba. Ta kasa su uku: haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, na ƙashin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, da waɗanda ake ɗurawa ta baki, da ta sassauta wa fiye da sauran, ta kuma tanadi hanyar ba da izinin gyaransu ta hannun 'yan sanda. Ƙofar tana nan, ba a dai bi ta cikinta. Ingila ma ta taɓa fama da bututun banza, har da waɗanda ake ƙerawa don kasuwar Afirka, abin da ta yi shi ne kafa gidan gwajin bututu a Birmingham a 1813, inda ake jarraba shi a buga masa hatimi kafin ya shiga kasuwa.

Hukuma a jihar nan ta riga ta amsa cewa talaka yana riƙe da makami. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau, mutum sama da 2,600. Ana iya saɓani a kan hikimar waɗannan matakai, ni ma ina da fargabata game da yawaitar makami a hannun da ba a horar ba. Sai dai wanda ya yarda mutum ya tsaya a bakin gari da adaka, ya ɗauki alhakin kada ta cire masa hannu. Manomin da ya rasa yatsun hagu ya rasa noma, ga hanyar kai shi asibitin Shinkafi ko na Zurmi da dare ba ta biyuwa, balle a wuce da shi Gusau ko Sakkwato inda likitocin ƙashi suke. Raunin kuma mai dauɗa ne, cike da tsatsa da tsumma da toka, irin wanda cutar sarƙe-haƙora ke so.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Masarautun Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi su sa Sarakunan Maƙera su fitar da amintattun maƙera, rundunar 'yan sandan jiha ta yi musu rajista ta ba su izinin duba adaka da gyaranta kaɗai, kowane da littafin da zai rubuta bindigar da ta shigo da sunan mai ita. Wannan littafi ma riba ce ga tsaro, kuma ya dace da aikin cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2021. Sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda yana iya koya wa waɗannan maƙera auna kaurin bango da gane fayif mai ɗinki. Asibitocin yankin su riƙa rubuta raunin fashewar bindiga daban da raunin harbi, domin masu bincike su samu abin dogaro, a kuma yi wa maharba da 'yan sintiri allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Bututun da aka yanke wa hukunci a sare shi biyu a gaban mai shi, maƙeri ya mayar masa da shi lauje ko fartanya.

Ku kuma sarakunan baka da shugabannin 'yan sintiri da ke cikin wannan zaure, akwai abin da ba sai kun jira gwamnati ba. Ku sa wa mutanenku doka cewa duk bindigar da ta yi harbi a wanke ta da ruwan zafi a ranar, kafin a kwanta, kuma kada ɗuri ya wuce mako a ciki idan damina ta sauka. Ku fara da taku, a gabansu, kafin ruwan bana.